Brian Jones: Shi Ya Tara Su, Su Suka Sallame Shi

'Yan'uwa, ko mu nan Dogon Daji mun sha jin sunan Rolling Stones a rediyo, amma kaɗan daga cikinmu suka san mutumin da ya raɗa wa ƙungiyar suna.

An haifi Brian Jones a Cheltenham ta ƙasar Ingila ran 28 ga Fabrairu, 1942. Gidan kiɗa ne. Mahaifiyarsa tana kaɗa fiyano, mahaifinsa kuwa injiniya ne, shi ke kaɗa ogan yana bi da mawaƙa a majami'arsu. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, sai dai ba ya jin magana. Yana ɗan shekara 17 ya yi wa wata yarinya ciki, ya bar makaranta.

A 1962 ya sa talla a wata mujalla a Landan yana neman makaɗa. Mick Jagger da Keith Richards suka shigo, suka fara wasa a watan Yuli. Shi ne shugaba, har yana karɓar fam 5 fiye da sauran a ɓoye, abin da ya ɓata musu rai da suka gane.

Baiwarsa ta hannu ce. Kowane abin kiɗa ya ɗauka, kafin a jima ya iya shi. Shi ya kaɗa sitar ta Indiya a waƙar Paint It Black a 1966. A 1968 ya je Jajuka ta ƙasar Maroko ya ɗauki kiɗan masu algaita, irin wadda muke ji a ƙofar fada. Amma bai iya tsara waƙa ba, Jagger da Richards kuwa sun iya, don haka shugabanci ya koma hannunsu yana ji yana gani.

Sai giya da ƙwaya. An kama shi da wiwi a 1967, aka sake kama shi a 1968, bizar Amurka ta gagara. Ran 8 ga Yuni, 1969 abokansa suka je har gida suka sallame shi. Ran 3 ga Yuli aka tsamo gawarsa daga wurin iyo na gidansa, yana da shekara 27.

A Cheltenham aka bizne shi. Cikin 'yan ƙungiyar, Charlie Watts da Bill Wyman ne kaɗai suka zo jana'iza.