Annabi Ibrahim da Kaciya

Duk yaron da wanzami ya yi wa kaciya a Zangon Agege, sawun Annabi Ibrahim ya taka. An haifi Ibrahim a Ur, cikin Iraƙi ta yanzu. Ya ƙi gumakan mutanensa, ya yi ƙaura zuwa Haran, daga nan Kan'ana. Attaura ta ce yana da shekara 99 ya yi kaciya, alamar alkawari tsakaninsa da Allah. Hadisi kuwa 80. Kowanne ne dai, tsoho ne tukuf, ba wanda ya danne shi. Masarawa sun riga shi, amma ta zuriyarsa abin ya bazu. Isma'ila yana da shekara 13 aka yi masa, Ishaku kwana 8, abin da Yahudawa ke bi har yau. An binne Ibrahim a Hebron.