Sayyid Abdullahi Nuri, Jagoran 'Yan Adawar Tajikistan

Yau za mu waiwayi rayuwar Sayyid Abdullahi Nuri, Allah Ya jiƙansa, malamin da ya jagoranci 'yan adawa a yaƙin basasar Tajikistan, ƙasar Musulmi da ke arewa da Afganistan.

An haife shi a 1947, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, inda karatun addini sai a ɓoye. A haka ya zauna gaban Malam Muhammadjan Hindustani ya ɗauki ilimi. A shekarun 1970 ya tara matasa yana karantar da su a asirce, har hukuma ta kama shi a 1986, bai fito ba sai 1988.

Bayan rushewar Sobiyet, yaƙi ya ɓarke a 1992. Da yawanmu mun ɗauka faɗa ne tsakanin masu addini da 'yan gurguzu kawai, alhali ɓangaranci ya fi komai ruruta wutar: mutanen Kulob da Khujand a gefe guda, na Garm da Pamir a ɗaya gefen, kuma kusan duk masu salla ne. Dubun dubatar rayuka suka salwanta. Nuri ya tsallaka Afganistan tare da 'yan gudun hijira, daga can ya zama shugaban gamayyar 'yan adawa, wadda ta haɗa masu kishin Musulunci da 'yan dimokuraɗiyya.

Nan ne, a ganinmu, girmansa ya bayyana. A 1996 mayaƙansa suna cin ƙasa a yankin duwatsu na gabas, duk da haka ya yarda ya zauna ido da ido da Shugaba Imamali Rahmanov. Gaskiya ne kama Kabul da Taliban suka yi a wannan shekarar ya sa Rasha da Iran suka matsa wa ɓangarorin biyu lamba, to amma shawo kan kwamandojin da suka binne 'yan'uwansu su ajiye bindiga, wannan aikin nasa ne. Ranar 27 ga Yuni 1997 suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Mosko, aka yi wa 'yan adawa alkawarin kashi 30 cikin ɗari na muƙaman gwamnati. Ya koma Dushanbe, babban birnin ƙasar, ya shugabanci hukumar sasantawa.

Sulhun bai zo masa da araha ba. A zaɓen 2000 jam'iyyarsa ta Nahda ta samu kujeru biyu kacal a majalisa, wasu magoya bayansa suka riƙa cewa ya sayar da jinin da aka zubar. Bai kira kowa ya koma daji ba.

Ya rasu a Dushanbe ranar 9 ga Agusta 2006 bayan fama da ciwon daji. Muhiddin Kabiri ya gaje shi a jam'iyya, a 2015 kuma gwamnatin Rahmanov ɗin nan da ya yi sulhu da shi ta haramta ta.