Dag Hammarskjold: Babban Sakataren Da Ya Rasa Ransa Wajen Rabon Faɗa A Kwango

An haifi Dag Hammarskjold a ƙasar Suwidin cikin 1905. Mahaifinsa ya taɓa riƙe Firayim Ministan ƙasar. Cikin 1953 aka naɗa shi Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a zamaninsa ne aka fara tura rundunar tsaron zaman lafiya mai ɗauke da makamai, watau zuwa Masar lokacin rikicin Suwez a 1956.

Babbar jarrabawarsa ita ce Kwango. Ƙasar ta sami mulkin kai ran 30 ga Yuni 1960, ba a jima ba soja suka yi bore, Moise Tshombe kuma ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin ma'adinai. Hammarskjold ya nemi iznin Kwamitin Sulhu, aka tura runduna wadda ta kai kusan mutum 20,000, har da sojan Nijeriya. Patrice Lumumba ya so a murƙushe Katanga da ƙarfi, shi kuwa ya ƙi, don a ganinsa mai rabon faɗa ba ya ɗaukar ɓangare. Rasha ta nemi ya sauka, ya ƙi.

Cikin Satumba 1961 yana kan hanyar ganawa da Tshombe jirginsa ya faɗi kusa da Ndola, cikin Zambiya ta yau, ya rasu. Bayan rasuwarsa aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya. Rundunar kuwa an ƙara mata wa'adi, ba ta bar Kwango ba sai Yuni 1964, ƙarƙashin Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi na Nijeriya.