Marian Anderson da majami'ar da ta ɗauki nauyin muryarta

An haifi Marian Anderson ranar 27 ga Fabrairu 1897 a birnin Filadelfiya na Amurka. Mahaifinta ƙanƙara da gawayi yake sayarwa, mahaifiyarta kuwa ta taɓa koyarwa a jihar Bajiniya kafin aure. Gidan ba na masu hali ba ne, amma suna da wurin da ake sanin darajarsu, wato majami'ar Union Baptist ta baƙar fata da ke kudancin birnin. A zamanin da aka rufe wa baƙar fata ƙofofin makarantun kiɗa da manyan zaurukan wasa, irin waɗannan majami'u su ne makaranta, su ne dandali, su ne kuma asusun taimako.

Tana da shekara 6 ta shiga ƙungiyar mawaƙa ta yara, tana da 13 ta shiga ta manya. A can ta samu horon da ba kowace makaranta ke bayarwa ba. Waƙar majami'a kashi huɗu ake raba ta, daga siririyar muryar mata zuwa kakkaurar muryar maza. Marian takan tafi gida da takardun ta haddace kason kowa, duk ranar da wani mawaƙi bai zo ba sai ta tsaya a gurbinsa. Faɗin muryar da duniya ta yi mamaki daga baya, a wannan cike gurbi na ranakun Lahadi aka fara buɗa shi.

Mahaifinta ya rasu tana da shekara 12, bayan rauni da ya samu a ka a wurin aiki. Uwar ta koma wanki da goge-goge, karatun Marian ya tsaya bayan firamare. Jama'ar majami'a suka yi karo-karo har ta koma makaranta, ta gama sakandare a 1921 tana da shekara 24. Da ta je neman shiga wata makarantar kiɗa ta birnin, aka sallame ta saboda launin fatarta ba tare da an saurari muryarta ba. Sai aka kai ta wurin Giuseppe Boghetti, malamin murya mai tsada. Nan ma majami'ar ce ta shirya taron waƙa, aka tara kusan dala 600. Kuɗin talakawa ne, masu wanki da ƴan aikatau da leburori, kuma abin da suka biya shi ne ƴarsu ta koyi waƙoƙin Italiya da Jamus waɗanda ba a rera su a ibadarsu. Ba su gindaya mata sharaɗin ta tsaya kan waƙar addini ba.

Akwai dai abin da majami'a ba ta iya ba ta, shi ne harshe. A 1924 ta yi wasa a zauren Town Hall na Niyok, ta saka waƙoƙin Jamusanci da ta haddace ba tare da ta mallaki harshen ba. Mutane kaɗan suka zo, masu sharhi kuma suka soke ta, har ta yi watanni tana tunanin barin sana'ar. Mai nazarin harshe ba zai yi mamaki ba. Ana iya kwaikwayon furuci sauti bayan sauti, amma inda za a nauyaya gaɓa da inda za a ja numfashi, ma'anar jimla ce ke nuna su. A 1925 ta yi nasara a gasar da ta ba ta damar yin waƙa tare da makaɗan New York Philharmonic, duk da haka ba ta manta da raunin ba. A 1930 ta tafi Balin da tallafin gidauniyar Rosenwald, ta zauna a gidan Jamusawa don harshen ya shiga kunnenta. Daga nan ƙasashen arewacin Turai suka karɓe ta, ta ƙara da waƙoƙi cikin Suwidanci da Finlanci, ta kuma rera wa Sibelius waƙarsa a gidansa.

Duk inda ta je, takan rufe wasa da waƙoƙin ibada da bayi suka ƙaga a gonakin kudancin Amurka, cikin Ingilishin baƙar fata wanda mutane da yawa ke ɗauka gurɓataccen harshe ne. Jera su da ta yi kusa da Schubert a zaure ɗaya, da murya ɗaya, hujja ce da ta fi doguwar muhawara ƙarfi.

A 1939 ƙungiyar mata ta Daughters of the American Revolution ta hana ta zauren Constitution Hall a Washinton. Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, ta fice daga ƙungiyar. Ranar Ista, 9 ga Afrilu, Marian ta tsaya a matakalar ginin tunawa da Lincoln ta yi waƙa gaban mutane kimanin 75,000, miliyoyi kuma suna saurare ta rediyo. Ba mace ce mai son gwagwarmayar siyasa ba, da farko ma ta yi ɗari-ɗari da shirin. Ranar 7 ga Janairu 1955 ta zama mawaƙiya baƙar fata ta farko da aka ba wa babban matsayi a gidan Metropolitan Opera, sai dai damar ta zo tana dab da shekara 58, ƙarfin muryar ya soma raguwa.

Kyautar dala 10,000 da birnin Filadelfiya ya karrama ta da ita a farkon shekarun 1940, ita ta zuba a asusun tallafa wa matasan mawaƙa ba tare da duba launin fata ba. Ta yi wasan bankwana a Carnegie Hall a 1965, ta rasu ranar 8 ga Afrilu 1993 a birnin Potlan, tana da shekara 96.