Amir Abdulƙadir na Aljeriya: Malamin da ya tsare rayukan maƙwabtansa Kirista

A Aljeriya ana tunawa da Amir Abdulƙadir a matsayin jagoran da ya shafe shekara 15 yana yaƙar mamayar Faransa. A sauran sassan duniya kuwa, abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne aikin da ya yi a watan Yulin 1860, lokacin da ya buɗe ƙofar gidansa ga Kiristocin birnin Dimashƙa da ake farautar rayukansu.

An haife shi a shekarar 1808 kusa da garin Maskara, a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa, Shehu Muhyiddin, shugaban zawiya ne a ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Abdulƙadir ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, ya karanci fiƙihu da tauhidi, ya kuma ƙware a hawan doki. Yana matashi ya bi mahaifinsa aikin Hajji, suka ziyarci Dimashƙa da Bagadaza kafin su koma gida.

A 1830 sojojin Faransa suka kama birnin Aljas. Bayan shekara biyu ƙabilun yamma suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a, yana ɗan shekara 24. Ya kafa runduna, ya naɗa alƙalai, ya tsara karɓar zakka, har Faransa ta amince da ikonsa a kan babban yanki a yarjejeniyar Tafna ta 1837. Tun a fagen fama halinsa ya bayyana. Ya hana a kashe wanda aka kama, ya damƙa matan da aka kamo a hannun mahaifiyarsa ta kula da su, sannan a 1841 ya yi musayar fursunoni ta hannun Bishop Dupuch na Aljas.

Da ƙarfin Faransa ya rinjaya, ya miƙa wuya a watan Disamban 1847 bisa alƙawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Faransa ta saɓa alƙawarin, ta tsare shi da iyalinsa kusan shekara biyar, mafi yawa a fadar Amboise, inda wasu daga cikin mutanensa suka rasu. Louis-Napoléon ya sake shi a 1852. Ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, daga nan ya koma Dimashƙa a 1855, ya duƙufa ga karantarwa, 'yan ƙasarsa masu gudun hijira suna zaune kewaye da shi.

A farkon 1860 rikici ya ɓarke a Dutsen Lebanon tsakanin Duruz da Kiristoci Maroniyawa, hayaƙinsa ya fara isa Dimashƙa. Can ma zukata sun daɗe suna tafasa, saboda sauye-sauyen da Daular Usmaniyya ta kawo a kan matsayin waɗanda ba Musulmi ba, da kuma yadda kasuwancin Turawa ya arzuta wasu ya talauta wasu. Abdulƙadir ya gargaɗi gwamna Ahmad Pasha tun kafin wutar ta kama, amma ba a ɗauki matakin kirki ba. Ranar 9 ga Yuli gungun mutane suka auka wa unguwar Kirista ta Bab Tuma, suna kisa da ƙone-ƙone, sojojin gwamna ba su tsawata ba.

Abdulƙadir ba shi da wani muƙami a birnin, kuma babu wanda ya ɗora masa nauyin kowa. Duk da haka ya tara 'ya'yansa da mutanensa 'yan Aljeriya, suka shiga lunguna suna kiran waɗanda suka ɓuya, suna raka su zuwa gidansa. A cikin waɗanda suka ceto akwai mata da yara, da limaman coci, da 'yan zuhudu masu kula da marayu, da jakadun ƙasashen Turai. Ya yi shelar ba da ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo masa Kirista da ransa. Da gidan ya cika, sai ya riƙa aika mutane rukuni-rukuni zuwa ganuwar birnin, mayaƙansa suna yi musu rakiya.

Masu tarzomar sun taru a ƙofarsa suna neman ya fito musu da baƙinsa. Ya fito da kansa, ya tunatar da su haramcin zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, ya kuma nuna musu cewa shi da mutanensa a shirye suke su mutu a bakin ƙofar. Taron ya watse. Wasu manyan Musulmin unguwar Midan su ma sun tsare maƙwabtansu. An kashe dubban mutane a waɗannan kwanaki, wasu dubbai kuma suka tsira ta hannunsa. Daga bisani hukumar Usmaniyya ta yanke wa Ahmad Pasha hukuncin kisa.

Faransar da ta ci amanarsa ta ba shi babbar lambar girmamawarta. Paparoma Pius na Tara ya karrama shi, gwamnatin Amurka ta aika masa da kyautar bindigogi, Imam Shamil na Dagistan, wanda ke tsare a hannun Rasha, ya rubuto masa wasiƙar yabo. Shi kuwa, a wasiƙun da ya mayar, ya danganta abin da ya yi ga umarnin shari'ar Musulunci da haƙƙin da ɗan Adam yake da shi a kan ɗan'uwansa.

Ya ƙarasa rayuwarsa cikin karantarwa da rubutu, ya bar littafin sufanci mai suna Almawaƙif. Ya rasu a Dimashƙa ranar 26 ga Mayun 1883, aka binne shi kusa da kabarin Shehu Ibn Arabi. A 1966, shekara huɗu bayan Aljeriya ta sami 'yanci, aka mayar da gawarsa birnin Aljas. A jihar Iowa ta Amurka akwai gari mai suna Elkader, wanda aka raɗa wa sunansa tun 1846.