Saddam Husaini: Rayuwarsa, Mulkinsa Da Ratayewar Da Ta Raba Kan Jama'a

Da asubahin ranar Asabar 30 ga Disamba, 2006, aka rataye tsohon shugaban ƙasar Iraƙi, Saddam Husaini, a unguwar Kazimiyya da ke birnin Bagadaza. Ranar ta zo daidai da Babbar Sallah a Saudiyya da ƙasashen Musulmi da dama. Har yau idan aka tayar da maganar a majalisun hira, ko a nan Garou da Malanville ko a Gaya tsallaken kogi, sai ka ga jama'a sun rabu biyu. Wasu na ganin azzalumi ne ya girbi abin da ya shuka, wasu kuma na ganin gwarzo ne aka wulaƙanta. Kafin mai karatu ya ɗauki ɓangare, ya kamata ya san wane ne mutumin.

An haifi Saddam ranar 28 ga Afrilu, 1937, a ƙauyen Auja kusa da garin Tikrit. Bai san mahaifinsa ba, kuma ya taso cikin talauci a gidan mijin mahaifiyarsa. Daga baya kawunsa Khairallah Talfah, wani tsohon hafsan soja mai tsananin ƙin Turawan Ingila, ya ɗauke shi ya sa shi makaranta. Yana ɗan shekara 20 ya shiga jam'iyyar Ba'as mai rajin haɗa kan Larabawa. A 1959 yana cikin samarin da suka yi yunƙurin kashe Firaminista Abdulkarim Ƙasim. Yunƙurin bai yi nasara ba, aka harbe shi a ƙafa, ya tsere Siriya, daga can ya wuce Masar. Ya komo gida a 1963, aka ɗaure shi a 1964, ya gudu daga kurkuku a 1966.

A watan Yuli, 1968, jam'iyyar Ba'as ta ƙwace mulki. Janar Ahmad Hasan al-Bakr, ɗan'uwan Saddam, ya zama shugaba, shi kuwa Saddam ya zama mataimaki, kuma jami'an tsaro suka koma hannunsa. A wannan zamani ne ya yi ayyukan da masoyansa ke tunawa. A 1972 gwamnati ta karɓe kamfanin man fetur daga hannun Turawa. Da farashin mai ya tashi, aka gina hanyoyi da asibitoci da makarantu, aka kai lantarki ƙauyuka, aka kuma yi gagarumin yaƙi da jahilci wanda ya haɗa har da mata.

Ranar 16 ga Yuli, 1979, Saddam ya hau kujerar shugabanci. Kwana shida bayan haka ya tara manyan 'yan jam'iyyarsa a wani zaure a Bagadaza, aka riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana fita da masu sunan, shi kuwa yana zaune yana shan sigari. An fitar da mutum fiye da 60, aka kashe fiye da 20 daga cikinsu bisa zargin cin amana. Ya sa aka ɗauki taron a bidiyo aka rarraba, don kowa ya ga abin da ke jiran mai ɗaga kai. A watan Afrilu, 1980, aka kashe babban malamin Shi'a Muhammad Baƙir al-Sadr tare da ƙanwarsa Bintul Huda.

A watan Satumba na wannan shekara ya afka wa Iran. Yaƙin ya ci shekara takwas da rayukan dubban ɗaruruwan mutane, kusan dukkansu Musulmi. A lokacin ƙasashen Yamma ba su ga laifinsa ba: Faransa da Tarayyar Sobiyet sun sayar masa da makamai, Amurka ta taimaka masa da bayanan sirri, sarakunan Larabawa kuma suka ba shi rancen kuɗi. Ana cikin yaƙin, a watan Yuli, 1982, wasu suka buɗe wa ayarinsa wuta a garin Dujail. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta hallaka maza da yara 148, aka kwashe iyalai zuwa sansani a hamada, aka kuma share gonakin dabinon garin.

Abin da ya sami Ƙurdawa ya fi haka muni. Ranar 16 ga Maris, 1988, jiragen yaƙi suka zuba iskar guba a garin Halabja, mutum kimanin 5,000 suka mutu, da yawansu mata da ƙananan yara. A farmakin da aka kira Anfal, wanda ɗan'uwansa Ali Hasan al-Majid ya jagoranta, an rushe dubban ƙauyuka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 50,000 da 100,000.

To, daga ina soyayyar ta fito? Amsar tana cikin yaƙin Tekun Fasha. Ranar 2 ga Agusta, 1990, Saddam ya mamaye Kuwait. Amurka ta haɗa rundunar ƙawance, har Nijar da Senegal suka aika sojoji Saudiyya. Da aka fara yaƙi a Janairu, 1991, sai ya harba makamai masu linzami kan Isra'ila. Wannan ya sa talakawa a ƙasashen Musulmi suka ɗauke shi a matsayin namijin da ya tsaya wa Falasɗinawa, har iyaye a ƙasar Hausa suka raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Labarin dubban 'yan Shi'a da Ƙurdawan da ya murƙushe bayan yaƙin bai kai kunnen jama'a kamar labarin makaman ba. Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya jefa talakawan Iraƙi cikin yunwa da rashin magani daga 1990 zuwa 2003, ya ƙara masa magoya baya. Amma halinsa bai sauya ba. A 1996 aka kashe surukansa biyu, mazan 'ya'yansa, kwanaki kaɗan bayan sun komo daga gudun hijira a Jodan bisa alkawarin afuwa.

A watan Maris, 2003, Amurka da Ingila suka mamaye Iraƙi da hujjar cewa yana ɓoye makaman ƙare dangi, makaman da ba a taɓa samu ba. Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilu, aka kashe 'ya'yansa Udai da Ƙusai a Mosul a watan Yuli, shi kuma aka zaƙulo shi daga wani rami kusa da Tikrit ranar 13 ga Disamba.

An fara shari'arsa kan kisan Dujail ranar 19 ga Oktoba, 2005. Shaidu sun zo sun faɗi azabar da suka sha, an kuma gabatar da takardu masu ɗauke da sa hannunsa. Sai dai shari'ar ba ta rasa tabo ba: an kashe lauyoyi uku masu kare waɗanda ake tuhuma, alƙalin farko ya yi murabus saboda matsin lambar gwamnati, sannan duk abin ya gudana ne sojojin mamaya na cikin ƙasa. Ranar 5 ga Nuwamba, 2006, aka yanke masa hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 26 ga Disamba. Firaminista Nuri al-Maliki ne ya sa hannu, domin shugaban ƙasa Jalal Talabani, ko da yake Baƙurde ne, ba ya goyon bayan hukuncin kisa.

Kwana huɗu kacal aka jira. Wani da ke wurin ya ɗauki hoton ratayewar da wayar salula, hoton ya bazu a duniya. An ga Saddam ya ƙi yarda a rufe masa fuska, an ji wasu na yi masa ba'a suna kiran sunan Muƙtada al-Sadr, an kuma ji shi yana kalmar shahada lokacin da aka saki katakon. Iran da iyalan waɗanda ya kashe sun yi murna. Libiya ta yi zaman makoki na kwana uku, Saudiyya ta soki zaɓen ranar, fadar Paparoma da Tarayyar Turai suka yi tir da kisan.

Masu cewa ya cancanci hukuncin suna da hujja mai ƙarfi, domin jinin Dujail da Halabja ba ƙage ba ne, kuma alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Amma gaggawar ta cuci waɗanda aka ce don su aka yi. Lokacin da aka rataye shi ana tsakiyar shari'ar Anfal, sai aka janye tuhumarsa a Janairu, 2007, Ƙurdawa ba su taɓa jin kotu ta kama shi da laifin kisan danginsu ba. Ba'ar da aka yi masa a ranar Sallah ta mai da hukunci tamkar ramuwar ƙungiyanci. Kashe-kashe tsakanin Sunni da Shi'a bai tsaya ba, kuma a 2014 ƙungiyar Da'ish, wadda wasu tsoffin hafsoshinsa suka shiga, ta kama Mosul. Ko ginin kabarinsa a Auja an rushe shi a faɗan 2015.

Mu a Jamhuriyar Benin mun bi wata hanya daban. Mulkin soja na Mathieu Kérékou bai kai na Saddam zubar da jini ba ko kusa, amma an tsare 'yan adawa an azabtar da su, har a Ségbana cikin jiharmu ta Alibori. Babban taron ƙasa na Fabrairu, 1990, a Kotonu ya rage masa iko ba tare da an zubar da jini ba, ya faɗi zaɓe a 1991 ya sauka, aka kuma yi masa afuwa. Wannan ma yana da nasa ciwon, domin waɗanda aka azabtar ba su ga an gurfanar da shi ba. Ƙasar ba ta sake zartar da hukuncin kisa ba tun 1987, kuma gyaran tsarin mulki na 2019 ya soke shi.

Wanda ya ji tausayin Saddam saboda wulaƙancin ranar Sallah bai yi laifi ba, matuƙar tausayin nasa ya isa ga matan Halabja da yaran Dujail. Wanda kuma ya ce a hukunta azzalumi ya yi daidai, amma ya nemi a kammala shari'a, a ji kowane mai ƙara, a kuma tsare mutuncin ɗan Adam ko da na mai laifi ne. Allah Ya raba mu da zalunci, Ya ba mu shugabanni masu adalci.