Janar Murtala Muhammed: Kwana 200 a kan mulki da motar da ta zama shaida

A Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas akwai wata baƙar Marsandi, samfurin Mercedes-Benz 230.6, da ramukan harsashi a jikinta. A cikinta aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, kwana goma kacal bayan ya sanar da 'yan Najeriya cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a kawo shi tsakiyar ƙasar, inda Abuja take a yau.

Masu tara tsofaffin motoci sun san cewa darajar mota tana cikin tarihinta. A Amurka ana rububin Dodge Charger Daytona ta 1969, wadda ba a ƙera ta da yawa ba, 'yan ɗari biyar da ɗoriya ne, domin dokar gasar tsere ta NASCAR ta ce sai an sayar wa jama'a irin motar kafin ta shiga fili. Da irinta Buddy Baker ya zarce gudun kilomita 320 a awa ɗaya a filin Talladega a 1970, kuma an taɓa sayar da guda ɗaya a gwanjo a kan fiye da dala miliyan ɗaya. A irin wannan kasuwa, motar da ke da fentinta da injinta na asali ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima tsada. Motar Murtala ba ta sayarwa ba ce, amma ƙa'idar ta hau kanta, ta kuma hau kan tarihin mai ita, wanda ya fi amfani idan aka ba da shi da tabonsa.

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi firamare a Gidan Makama, ya wuce Midil ta Kano wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, sannan Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda ya gama a 1957. A shekara ta gaba ya shiga soja, ya samu horo a Sandhurst da ke Ingila, ya fito da muƙamin Laftanar na biyu a 1961 a sashen sadarwa. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma auri Ajoke, Bayarabiya, a 1963.

Juyin mulkin Janairun 1966, wanda ya ci rayukan Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari, shi ya fito da sunansa fili. Yana da shekara 27 ya zama ɗaya daga cikin jagororin ramuwar gayya ta 29 ga Yuli, 1966, inda aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi da Gwamnan Yamma, Adekunle Fajuyi, da sojojin Ibo masu yawa. Da farko Murtala yana cikin masu son Arewa ta ɓalle, kafin a shawo kansu a bar ƙasa a haɗe a ƙarƙashin Yakubu Gowon.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka ba shi Runduna ta Biyu, wadda ya harhaɗa cikin gaggawa, ya kori dakarun Biyafara daga Jihar Tsakiyar Yamma, ya ƙwato Benin a watan Satumba. Wannan nasara ta tare hanyar Legas. Sai dai a watan Oktoba sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba, ta'asar da mutanen garin ke tunawa da ita har yau. Ya kuma dage a kan tsallaka Kogin Neja ta jiragen ruwa zuwa Onitsha duk da shawarar hedikwata, aka yi asarar sojoji da yawa, sannan a Maris na 1968 aka yi wa ayarin motocinsa kwanton ɓauna a Abagana aka ƙone shi. Jarumtakarsa da gaggawarsa tushensu ɗaya, kuma duka biyun suka biyo shi zuwa kan mulki.

Yana Kwamishinan Sadarwa na Tarayya ne wasu matasan hafsoshi suka hamɓarar da Gowon ranar 29 ga Yuli, 1975, lokacin da yake taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Suka miƙa wa Murtala ragama yana da shekara 36, Olusegun Obasanjo yana mara masa baya, Theophilus Danjuma yana shugabantar rundunar sojan ƙasa. Nan take ya sauke gwamnonin jihohi goma sha biyu, ya soke ƙidayar 1973 mai cike da gardama, ya tunkari cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar ruwa ta Legas. Ya tsayar da 1 ga Oktoba, 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula, ya kafa kwamitin tsara kundin tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya mayar da jihohi 19.

Shara mafi girma ita ce ta ma'aikata. Sama da mutum 10,000 aka sallama daga aikin gwamnati, da alƙalai da 'yan sanda da malaman jami'a, bisa zargin rashawa ko lalaci ko tsufa. Talakawa sun yi murna, ma'aikata suka riƙa isa ofis da wuri. Amma an kori da yawa ba tare da an saurare su ba, wasu ma a rediyo suka ji sunansu. Masana aikin gwamnati da dama na ganin tun daga lokacin ne ma'aikaci ya daina amincewa da cewa kujerarsa za ta kai shi fansho, wasu suka koma tara abin gobe ta kowace hanya.

A waje kuwa, ya ɗaga martabar Najeriya. Da sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutsa Angola, gwamnatinsa ta amince da MPLA ta Agostinho Neto a Nuwamban 1975. A taron gaggawa na Addis Ababa a Janairun 1976 ya fito fili ya ƙi matsin lambar Shugaba Gerald Ford na Amurka, ya nuna cewa Afirka ta isa ta yanke wa kanta hukunci.

Batun sabon birni ya danƙa shi ne ga kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a watan Agustan 1975. Kwamitin ya duba cunkoson Legas da ƙarancin filinta da zamanta a bakin teku, ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, wurin da ba a hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku yake ba. Doka ta 6 ta 1976 ta keɓe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000. Aka ari sunan tsohon garin Abuja, shi kuma ya koma Suleja. Gwarawa da sauran mazauna yankin na asali su suka ba da ƙasarsu, kuma maganar diyya da sake musu matsuguni ba ta mutu ba har yanzu.

Murtala bai yarda da jiniya da dogon ayari ba. Ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi, yana tafiya ofis a Barikin Dodan cikin motar da ba ta da sulke, yana tsayawa a cunkoso kamar kowa. Wannan hali da ya jawo masa ƙaunar jama'a shi ya ba maƙiyansa dama. A kusa da Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi, motar ta rage gudu, sojojin da ke cikin makircin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa sun rasu tare da shi. A wannan rana aka kashe Gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. Juyin mulkin bai yi nasara ba. An kama Dimka a yankin Abakaliki, aka harbe shi ranar 15 ga Mayu, 1976. An kai gawar Murtala Kano aka binne shi, yana da shekara 37.

Obasanjo ya cika alƙawarin 1979, aka sa hoton Murtala a takardar Naira 20, aka raɗa wa filin jirgin saman Legas sunansa. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Yau manyan jami'ai na ratsa titunan birnin da jiniya da motoci masu sulke, su kori mai tasi da mai tafiya a ƙasa gefe. Motar mutumin da ya kafa birnin tana can Legas, kuma ɗaliban makarantun Abuja da yawa sun san fuskarsa a jikin kuɗi ba tare da sun taɓa ganin ta ba. Ya dace hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta ci gaba da kiyaye ta daga tsatsa, ta bar ramukan yadda suke, ta kuma nemi hanyar da yaran wannan birni za su gan ta da idonsu. Allah ya jiƙan Murtala da waɗanda suka rasu tare da shi.